Laƙabi da Taurari a Kan Fayil: A Ina Kwamfuta Take Rubuta Su?

Mai ɗaukar hoton biki ya dawo gida bayan kwana huɗu yana bin amarya da ango, daga kamu zuwa ɗaurin aure, daga dina zuwa buɗar kai. A memorin kyamararsa akwai hoto kusan 2,000. Ya raba dare a gaban kwamfuta yana tankaɗe da rairaya. Wanda ya fito tas ya danna masa tauraro biyar, wanda ango ya runtse ido ya ba shi ɗaya, kowanne kuma ya laƙaba masa kalmar da zai nemo shi da ita, wannan "kamu", wancan "dangin amarya". Da gari ya waye ya juye komai a filash ya kai wa mai haɗa albam, ya ce masa masu tauraro biyar kaɗai zai ɗauka. Aka soka filash aka buɗe. Hotuna suna nan cif, babu wanda ya yi ƙafa. Taurari kuwa, ko dai a same su yadda ya bar su, ko a tarar babu ko ɗaya, kamar barci ya yi daren jiya.

Wanne daga ciki zai faru ya dogara ne a kan abu guda da kwamfuta ba ta shawartar ka a kai, ba ta kuma gaya maka abin da ta yanke: wurin da ta rubuta tauraron.

Kowane fayil yana tafe da bayanan da ba su ne ainihin abin da ke cikinsa ba. Masana kwamfuta suna ce musu metadata, ni zan kira su bayanan rakiya. Sunan fayil, girmansa da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe duk bayanan rakiya ne, kuma babbar manhajar kwamfuta ce ke kula da su. Kyamara ma tana ƙara nata: samfurinta, lokacin ɗauka, a waya har da wurin da mutum yake tsaye. Laƙabi da tauraro su ne kason da ɗan Adam yake sawa da hannunsa. Laƙabi yana faɗin mene ne abin, tauraro yana faɗin darajarsa a idon mai shi.

Abin da ya jawo buƙatarsu shi ne gazawar folda. Folda ɗaki ce, fayil kuma ba ya kwana a ɗaki biyu. Hoton kakar amarya a wajen kamu, ina za a kai shi? Na kamu ne, na dangin amarya ne, yana kuma cikin waɗanda za a wanke a yi wa firem. Dabarar yawancinmu ita ce a kwafe shi sau uku. Ranar da aka gyara hasken ɗaya, sauran biyun sun zama tsohon yayi, bayan wata shida kuma ba mai iya tuna wanne ne na ƙwarai. Laƙabi ya warware wannan kamar yadda al'ada ta warware shi tuntuni: mutum ɗaya Malam ne, Alhaji ne, Sarkin Noma ne, duk wanda ka kira a ciki shi zai amsa, ba sai an tsaga shi uku ba. Gmail da ya fito a 2004 da laƙabi a madadin folda, da shafin hotuna na Flickr na wannan shekarar, su suka saba wa jama'a da tunanin. Masu ƙera babbar manhajar kwamfuta suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. A nan hanya ta rabu uku.

Duk wanda ya taɓa aika buhun hatsi ta tashar mota ya san hanyoyin nan uku, ko bai taɓa kunna kwamfuta ba. Za ka iya ɗaukar maka ka rubuta sunan mai kaya a jikin buhun. Za ka iya rubutawa a guntun kwali ka ɗaure a wuyan buhun. Ko kuma ka bar buhu fari fat, ɗan kamasho ya rubuta a littafinsa cewa buhu na bakwai na Hajiya ne a Zinder. Rubutun jikin buhu yana zuwa duk inda buhu ya je, amma ba kowane mazubi ne yake karɓar maka ba, kuma kowa yana karantawa. Kwalin wuya ana iya ɗaura shi a kowane irin kaya, sai dai yakan tsinke wajen sauke da lodi. Littafin ɗan kamasho ya fi sauƙin dubawa, amma ba ya barin tasha.

Rubutu a jikin buhu

Windows ta zaɓi ta farko. Tun daga Vista, wadda ta shigo kasuwa a farkon 2007, idan ka danna hoton JPEG a File Explorer, manhajarta ta duba fayiloli, ka buɗe ɓangaren bayanansa, za ka ga gurbin laƙabi da jerin taurari biyar. Abin da ka rubuta yana shiga cikin fayil ɗin kansa, a wuraren da aka tanada tun kafin Windows ta zo wajen. Hotuna suna da Exif, tsarin da masana'antun Japan suka fitar a 1995, da IPTC na kamfanonin dillancin labarai, da XMP wanda Adobe ya kawo a 2001 ya kuma zama ma'aunin duniya na ISO a 2012. Waƙoƙin MP3 suna da ID3, wanda ya fara a 1996 da ɗan gurbi mai bayit 128 a wutsiyar fayil, kafin sabon fasalinsa na 1998 ya faɗaɗa shi. Takardar Word ta zamani kuwa jaka ce mai ƙananan fayiloli a dunƙule, ɗaya daga cikinsu aikinsa kawai riƙe sunan marubuci, take da kalmomin nema.

Masu sauraron waƙa a waya sun daɗe da sanin ƙarfin wannan hanya ba tare da sun san sunanta ba. Ka sauke waƙa, ka canza mata suna, ka tura wa abokinka ta Bluetooth, shi ma ya tura wa wani, amma duk wanda ya kunna sai ya ga sunan shafin da ya fara ɗora ta da hoton tallarsa a fuskar waya. ID3 ke nan. An rubuta a jikin buhu, ya bi buhu har ƙauye.

Ba haka Windows ta fara ba. A zamanin Windows 2000 da XP kana iya rubuta taƙaitaccen bayani a kan kusan kowane fayil, ita kuma ta ɓoye shi a wani aljihun gefe da tsarin ajiyarta na NTFS yake da shi. Da an kwafi fayil zuwa filash ko an aika ta imel, aljihun ya zube. A Vista aka watsar da wannan, aka koma ga ƙa'idar cewa bayani ya zauna cikin fayil ko kada ya zauna sam. Aljihun dai bai mutu ba. Har yau a ciki Windows take manna shaidar cewa daga intanet aka sauko da fayil, shi ya sa Word yakan buɗe irin wannan takarda a kulle ya ce sai ka amince kafin ka gyara.

Farashin wannan ƙa'ida shi ne abin da ke ba masu amfani da Windows haushi har gobe. Kowane nau'in fayil yana buƙatar ɗan tafinta na musamman da ya san inda ake rubutu a cikinsa. Nau'in da ba shi da tafinta, gurbin laƙabi ba ya ma bayyana. Fayil ɗin rubutu tsura mai ƙarewa da .txt ba shi da wurin da za a sa komai, domin duk abin da ka ƙara ya zama cikin rubutun. PDF yana da wurin, amma Windows ba ta zuwa da tafintansa. Hoton PNG, wanda shi ne abin da kake samu in ka ɗauki hoton fuskar kwamfuta, shi ma File Explorer ba ya ba ka gurbin laƙabinsa. Sakataren da rabin aikinsa PDF ne, wato takardun da aka yi wa sikanin, rasit da wasiƙun ofis, zai gwada sau biyu ya ga abin yana aiki a wannan fayil ba ya aiki a wancan, ya tattara ya koma wa foldarsa. Ban ga laifinsa ba.

Akwai wani farashin da ba a cika lura da shi ba. Danna tauraro ɗaya gyara ne ga fayil ɗin kansa. Manhajar da ke kwafe maka ajiya zuwa intanet za ta ga fayil ya canza, wata ma ta sake ɗora shi gaba ɗaya. In bidiyon biki ne mai gigabayit uku, ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan tauraro ya yi tsada.

Kwali a wuyan buhu

Kamfanin Apple ya bi ta biyu. Kwamfutocin Mac sun daɗe da alamar launi guda ga kowane fayil, amma a OS X Mavericks na Oktoban 2013 aka mayar da ita cikakken laƙabi: launuka bakwai suna nan, kana iya ƙirƙiro naka da kowace kalma, kana kuma iya jera da yawa a kan fayil ɗaya. Ba a taɓa cikin fayil. Ana rubutawa ne a abin da ake kira ƙarin siffofi, wasu ƙananan bayanai da faifan ajiya yake riƙewa a gefen kowane fayil. Saboda haka komai yana karɓar laƙabi, PDF ne, PNG ne, folda ce sukutum. Tauraro ne dai Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, ba ta ba ka wurin dannawa, sai dai ka ƙirƙiri laƙabi ka sa masa suna "biyar".

A ɓangaren Linux, wata babbar manhajar kwamfuta, teburin KDE Plasma, wato ɗaya daga fuskokin da ake aiki da ita ta kansu, ya fi kowa cika aikin. A manhajarsa ta duba fayiloli, Dolphin, akwai laƙabi, akwai taurari har da rabin tauraro, akwai gurbin sharhi, kuma duka a ƙarin siffofi suke zama. Laƙubba suna cikin siffa mai suna user.xdg.tags, waƙafi ne ke raba su, taurari kuma suna cikin user.baloo.rating. Wanda ya iya buga umarni zai iya karanta su tsirara da getfattr, ba sai ta hannun Dolphin ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: ko KDE ta daina aiki gobe, rubutunka yana nan a faifai.

Matsalar kwali ita ce igiya. Yawancin filash da memori da ke hannun mutane an tsara su ne da FAT32 ko exFAT, domin su ne kowace na'ura take ganewa, daga rediyon mota zuwa talabijin. Waɗannan tsare-tsare biyu ba su san ƙarin siffofi ba. Linux in ya kwafa zuwa can, laƙubba suna zubewa a bakin ƙofa. Mac yana da dabara: ga kowane fayil mai ƙarin siffofi sai ya haifar masa ɗan ƙaramin abokin tafiya mai suna iri ɗaya, amma da ɗigo da ƙaramin layi a gaba, ya zuba bayanan a ciki. In filash ya koma wani Mac, sai a sake haɗe su ba tare da ka sani ba. In kuwa Windows ya shiga, sai ka ga kowane hoto ya zama biyu, ɗaya yana buɗuwa, ɗaya mai suna irin ._IMG_0412.JPG ya ƙi. A shagunan buga takardu sau da yawa bairos ake ɗaukarsu a share. A rediyon mota su ne waƙoƙin nan da ke bayyana a jeri amma a tsallake su ba sauti. Wanda ya share su bai ɓata hoto ko waƙa ba, aikin daren mai laƙabi ya share.

Ko ba a fita daga kwamfutar ba igiya tana iya tsinkewa. A Linux, umarnin kwafi na cp tsura ba ya kwafe ƙarin siffofi sai an ce masa ya yi, haka rsync sai an ƙara masa -X, haka tar sai an roƙe shi. Mutum zai yi shekara biyu yana ajiyar kariya da zuciya ɗaya, ranar da faifai ya mutu ya dawo da kayansa ya tarar fayiloli sun dawo tsirara. Mafi ban takaici shi ne yadda manhajoji da dama suke adana gyara. Don gudun kada wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu fayil ya lalace, ba sa rubutu a kan tsohon. Sabon fayil suke ƙirƙira, su gama zuba komai, sannan su ba shi sunan tsohon su jefar da wancan. Dabara ce mai kyau, mu da muka san halin wutar lantarki mun fi kowa cin moriyarta. Amma sabon buhu ne. In manhajar ba ta kwance kwalin daga tsohon ta ɗaura wa sabon ba, ka gyara harafi ɗaya ka rasa laƙabi biyar.

Imel, WhatsApp da yawancin hanyoyin ɗora fayil a intanet ba sa ɗaukar kwali ko kaɗan, cikin buhun kawai suke kaiwa. Laƙubban Mac suna bin fayil ta iCloud zuwa iPhone, amma wannan tafiya ce a cikin gida ɗaya.

Littafin ɗan kamasho

Hanya ta uku ita ce ta fi daɗin ji a takarda, ita ce kuma ta fi cin manyan ayyuka. Maimakon a taɓa fayil ko gefensa, sai a buɗe kundi guda a kwamfuta da ke cewa fayil kaza yana da laƙabi kaza. Nema yana sauri, ana iya ƙulla dangantaka mai zurfi, a ce wannan hoto na mutumin da ya aiko wancan imel ne.

Microsoft ya yi wannan mafarki da WinFS. An nuna shi a 2003 a matsayin ɗaya daga ginshiƙan Windows mai zuwa, a 2004 aka cire shi daga abin da ya zama Vista, a 2006 aka rufe babinsa. Da aka tambayi Bill Gates a 2013 wane aiki ne ya fi jin takaicin rashin fitowarsa, shi ya ambata. KDE ma ta ɗanɗana. Zubinta na huɗu ya zo a 2008 da Nepomuk, wanda ya samo asali daga wani aikin bincike da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi. Laƙubba da taurari duk suna cikin kundinsa. Ya yi suna wajen cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma in kundin ya lalace ko aka motsa fayil ta hanyar da bai gani ba, alaƙa ta yanke. A 2014 aka maye gurbinsa da Baloo, kuma babban sauyin shi ne wanda na bayyana a sama: asalin laƙabi ya koma gefen fayil, kundi ya zama fihirisa kawai, wanda in ya ƙone za a sake gina shi daga fayilolin.

Wannan bambanci tsakanin kundi a matsayin asali da kundi a matsayin fihirisa shi ne darasin da aka sha wuya kafin a koya, alhali wani ya riga ya nuna hanya. A 1997 ƙaramar manhajar BeOS ta fito da tsarin ajiya wanda Dominic Giampaolo ya jagoranci rubutawa, inda kowane fayil yake da siffofi, faifan da kansa yake yi musu fihirisa. Bayanin mutum a BeOS fayil ne da babu komai a cikinsa, suna, lambar waya da adireshi duk siffofi ne a gefe. Kamfanin da ya ƙera BeOS bai yi tsawon rai ba, an sayar da kadarorinsa ga Palm a 2001. Giampaolo ya koma Apple, ya kuma yi aiki a kan Spotlight, injin neman da ya fito a 2005, wanda shi ne yau yake nemo maka laƙubban Mac cikin ƙiftawar ido.

Littafin ɗan kamasho bai ɓace ba duk da haka. Tauraron da GNOME, wani teburin Linux, ya ƙara wa manhajar fayilolinsa a 2018, wanda guda ɗaya ne tak, ko akwai ko babu, a kundi yake zama. iTunes na Apple ya riƙa ajiye taurarin waƙoƙi a kundinsa, ba a cikin MP3 ba. Lightroom Classic, abokin aikin masu hoto, a kundinsa yake fara rubuta komai, ba ya zubawa cikin hotuna sai ka umarce shi ko ka kunna masa yin hakan da kansa. Ga ɗanyen hoton kyamara kuwa, wanda ba a son taɓa cikinsa, sai ya ajiye ɗan fayil mai ƙarewa da .xmp a kusa da shi, kamar goyo. Ka kwafi uwa ka bar goyo, ka bar taurarinka.

To mai hoton bikinmu fa? In a File Explorer ya danna taurarinsa a kan JPEG, suna cikin filash. In fitar da hotunan ya yi daga Lightroom ba tare da ya hana bayanan rakiya bi ba, suna nan. In jan ainihin fayilolin ya yi daga folda alhali taurari suna kundi, ko laƙabin launi ya sa musu a Mac, ko a Dolphin ya yi aikin, mai albam ba zai ga komai ba.

Tauraro huɗu nawa ne?

A ce ma tauraro ya isa lafiya. Saura a fahimce shi, domin ba a taɓa zama an yarda da mudu ɗaya ba. A XMP lissafin a fili yake, 1 zuwa 5, sifili na nufin ba a duba ba, -1 kuma na nufin an ƙi hoton. Windows a cikinta da ma'aunin 1 zuwa 99 take aiki: tauraro ɗaya 1, biyu 25, uku 50, huɗu 75, biyar 99. A MP3 gurbin yana ɗaukar 0 zuwa 255, kuma Windows Media Player yana rubuta 1, 64, 128, 196 da 255. KDE tana ƙirga 0 zuwa 10 saboda rabin tauraro. iTunes yana tafiya ashirin-ashirin har 100. Wato tauraro huɗu shi ne 4, shi ne 75, shi ne 196, shi ne 8, shi ne 80, ya danganta da kasuwar da ka shiga. Tiyar Dawanau da ta wani ƙauye ma ba su kai haka saɓani ba.

A MP3 abin ya ƙara cakuɗewa, domin gurbin tauraro yana haɗe da sunan wanda ya bayar. An tsara shi ne don mutane da yawa su iya ba waƙa ɗaya maki daban-daban. A aikace manhajoji ne suke sa sunansu a wurin, wata kuma ba ta karanta na wata. Sai waƙa ta zama tana ɗauke da maki biyu masu saɓani, kowace manhaja tana nuna nata.

Abin da ya manne da yawa shi ma yana da nasa haɗari. A Disambar 2012 John McAfee, wanda ya kafa wani kamfanin manhajar kashe bairos, yana ɓuya daga hukumomin Belize, sai 'yan jaridar da ke tare da shi suka wallafa hotonsa da aka ɗauka da waya ba su goge bayanan wuri ba. Cikin sa'o'i aka gane yana Guatemala. Namu bai kai nan ba, amma ka yi tunanin ɗan kasuwar da ya laƙaba wa takardar wani abokin ciniki "taurin bashi" a Windows don ya riƙa tunawa, sannan ya tura masa ita ta imel. Laƙabin yana ciki. Windows tana da wurin goge bayanan rakiya a shafin bayanan fayil, amma sai wanda ya san da zamansu zai neme shi. WhatsApp kuwa yana kankare bayanan in ka tura a matsayin hoto, har suna yake sauyawa, amma in ka tura a matsayin takarda komai yana tafiya yadda yake. Mai son taurarinsa su isa, ta biyun zai bi. Mai son ɓoye inda yake, ta farkon.

Akwai kuma matsalar da ba ta injin ba ce, tamu ce. Laƙabi yana aiki ne in kalma ɗaya kake amfani da ita kullum. Yau ka rubuta "ɗaurin aure" da ɗ mai lanƙwasa, gobe kana sauri a allon da ba shi da ita ka rubuta "daurin aure", jibi ka rubuta "aure" kawai. A wurin kwamfuta ɗ da d haruffa ne mabambanta, ba kamar wasalin Faransanci mai ɗigo a ka ba wanda injin nema yakan yi wa uzuri. Laƙabi uku ke nan, kowanne da kason hotunansa. In aikin na mutum biyu ne, ɗaya a Kano yana rubuta 'yan'uwa, ɗaya a Maraɗi yana rubuta ƴan'uwa, an ƙara rabuwa. Ni dai a laƙabi na haƙura da lanƙwasa gaba ɗaya, duk da ina ƙin ganin an yar da ita a rubutu, na kuma tsaya a kan kalmomin da ba su wuce ashirin ba, na rubuta su a takarda na manna a gefen allo. Duk laƙabin da sai na yi tunani kafin in tuna shi, ba zan neme shi ba ranar da nake buƙata.

Ra'ayina a kan hanyoyin uku bai daidaita ba, kuma ba na son in nuna kamar ya daidaita. Ga hoto da waƙa, rubutun jikin buhu ya fi, nesa ba kusa ba, domin ma'auninsa ya daɗe kuma yawancin manhajoji suna karanta shi: tauraron da ka danna a jikin kyamarar Canon ko Nikon tun a wajen biki zai bayyana a Windows, a Lightroom da manhajar hotuna ta digiKam. Kwalin wuya yana da amfani ga abin da ba zai daɗe ba kuma ba zai bar kwamfutar ba, irin "a duba", "an biya", "jiran sa hannu". Kundi kuwa ban yarda in zuba masa aikin shekaru ba sai na ga ƙofar fitar da shi.

Ga takardun ofis, PDF da sauran tarkace, har yanzu ban ga abin da ya kai sunan fayil ba. Shi kaɗai ne bayanin rakiyar da FAT32 ta sani, imel ya sani, Mac da Windows da Linux da waya duk suka sani. Suna irin 2024-03-12 rasit haya shago.pdf ya ɗauki kwanan wata da laƙabi uku, yana jeruwa daidai da kansa, kowane injin nema yana samo shi. Akwai ma manhaja mai suna TagSpaces da ta gina aikinta a kan wannan, tana cusa laƙubba cikin sunan fayil. Iyakarsa tsawo: suna ba ya wuce harafi 255 a yawancin tsare-tsare, tsofaffin manhajojin Windows kuma suna tuntuɓe in suna da jerin foldojin da ke samansa suka haura 260.

Kafin mutum ya ba da darensa ga hoto 2,000, gwajin minti biyar ya ishe shi. Ya ɗauki fayil ɗaya ya sa masa laƙabi da tauraro, ya buɗe shi ya gyara wani abu ya adana, ya duba ko suna nan. Ya kwafa a filash ɗin da ya saba amfani da shi, ya soka a kwamfutar da kayan za su je, ya sake dubawa. Sannan ya goge shi, ya dawo da shi daga ajiyar kariyarsa, ya duba na uku.